Abin da falan ƙarfe ya koya mini a kan lanƙwasa da zurfafawa

Ƙannena masu koyon aikin tol, wato falan ƙarfe, a Damagaram, a shekarata ta biyu a hannun maigidana a Sabon Gari aka ba ni aikin akwatunan ƙarfe guda shida, sai na haɗa tsawon gindi da tsayin ɓangarori yadda za su kasance daga waje, na yanka dukkan tol ɗin a rana guda. Da na lanƙwasa na farko, murfi ya ƙi zama. Ban san cewa wurin lanƙwasa bayan ƙarfen yana miƙewa, cikinsa kuma yana matsewa ba, don haka kowace kusurwa tana buƙatar a rage mata kusan ninki biyu na kaurin falan. A tol mai kaurin milimita 1.5, wajen milimita 3 ke nan. Maigida ya daɗe yana juya akwatin a hannunsa, sannan ya miƙo mini wani guntun tol na gwaji daga ƙasa ya ce, "Da ka fara tambayar wannan."

Ku sani kuma ƙarfe yana ɗan komawa baya da zarar an sake shi, saboda haka mai son kusurwa 90 sai ya wuce ta da digiri biyu ko uku. Kada ku matse lanƙwasa ta yi kaifi kamar wuƙa. Ku bar mata zagaye da ya kai kaurin falan, ku sa ta gitta layin da injin murza ƙarfe ya bari a jikinsa, kaifin da almakashi ya bari kuma ku goge shi da magagari, domin daga nan tsagewa take farawa.

Zurfafawa ta fi ba ni wahala. Aikin kamar turmi ne da taɓarya: taɓaryar tana tura faifan ƙarfe cikin rami, wani zobe yana danne gefensa. In zoben ya yi sako-sako baki ya tattare, in ya matse da yawa gindi ya yage. Na lalata faifan alminiyam da dama saboda ina son kwano mai zurfi ya fito a bugu ɗaya, alhali in faɗin faifai ya zarce ninki biyu na faɗin taɓarya, dole a raba aikin mataki-mataki, ana shafa mai.

Tsakanin matakan ƙarfen yana taurara, sai an gasa shi ya yi laushi. Alminiyam kuwa ba ya yin ja ya gargaɗe ka, narkewa kawai yake yi a digiri 660. Ni yanzu sabulu nake gogawa a jikinsa kafin in kai shi wuta, da zarar sabulun ya yi baƙi sai in janye, in bar shi ya huce kafin in mayar da shi turmi.