Hoto ɗaya, likitoci uku

Laraba, dare.

A zaman safe aka ɗora hoton kafaɗar wata dattijuwa da ta zame a banɗaki. Ƙashin damtse ya karye daga can sama. Ni aka ce in fara bayani, sai na zazzago abin da na haddace: tsarin Charles Neer na 1970 na rarraba irin wannan karaya, wanda ya kasa saman ƙashin sassa huɗu, ba a ƙirga sashe sai ya goce da santimita 1 ko ya karkace da digiri 45. Na ce nata ya rabu gida uku. Nan take wani ya ce huɗu.

Likitan da ya yi shekarunsa kan karayar haɗarin mota ya ce a buɗe, a daidaita, a kama da ƙarfe da sukurori. Abin da hannunsa ya saba ke nan, kuma ya iya. Wadda ta ƙware a kafaɗa ta girgiza kai: ƙashin ya yi laushi, sukurori za su huda kan ƙashin. Ita gaɓar roba da ƙarfe take so, irin ta Paul Grammont na Faransa, wadda aka juya mazaunin ƙwallon don tsokar saman kafaɗa ta ɗauki nauyin ɗaga hannu.

Babbanmu bai ce uffan ba sai da muka je gadonta. Ya duba ko fatar kafaɗar tana jin taɓi, sannan ya ce, "Mama, me kike so hannun nan ya yi miki?" Ta ce ta yi wanka da kanta, ta kai cokali baki. Hannun ma na hagu ne, ga ciwon suga, ga zuciya.

A baranda ya tuna mini da binciken PROFHER na Birtaniya kan irin wannan karaya, 2015, mutum 250: bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka rataye wa hannu ba. Ya ce shi ma da ƙuruciya kusan kowa yankawa yake, sai da masu sukurori suka riƙa dawowa a sake buɗe su.

Gaskiya raina ya so a shiga tiyatar, ina ƙishirwar koyo. Wannan son ya tsaya mini a rai tun rana, don kafaɗar tata ce.

An rataye hannun. Bayan mako guda za a sake hoto, kuma ni aka ba nuna mata motsin yatsu da gwiwar hannu gobe da safe.