Sajen da na kusa mayarwa maigadi

Ina shekara ta uku a kujerar ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin jigilar kaya lokacin da shugabanninmu suka ce mu fara ɗaukar tsofaffin sojoji. Muna da guraben gadi huɗu, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A tunanina, kamar na mutane da yawa, wanda ya tuɓe kaki bakin ƙofa ne wurinsa.

Na biyun da ya shigo intabiyu saje ne mai ritaya, ya yi shekara 22 a soja. Takardarsa ba komai sai muƙami da sunayen rundunonin da ya zauna. Na tambaye shi ko zai iya aikin dare. "Zan iya, yallaɓai." Tsayuwar awa takwas fa? "Zan iya, yallaɓai." Da a nan na tsaya, da yanzu yana buɗe wa motoci ƙofa. Allah ya sa na ce, "Saje, wai a bariki idan gari ya waye me kake yi?" Ashe shi ke riƙe da siton bataliya guda: man fetur, tayoyi, kayan gyara, takalma da bargunan ɗaruruwan mutane, kowanne da lissafinsa, ko ƙusa ta ɓata shi za a tuhuma. Mu kuwa wata shida muna cigiyar mai kula da rumbun kayanmu.

Da na tambaye shi me ya hana shi rubuta wannan, sai ya ce, "Ai aiki ne aka ba ni." Soja bai saba yabon kansa ba, "mun yi" yake cewa, ba "na yi" ba. Tun daga ranar na daina dogara da takarda. Tambayata ita ce mutum nawa ke ƙarƙashinka, wane kaya aka damƙa maka, me ka yi ranar da abu ya lalace.

Watannin farko bayan mun ba shi kula da rumbun ba su zo da sauƙi ba. Saje yakan ga kuskure ƙarara ya yi shiru, don wanda ya yi kuskuren yana gaba da shi. Sai da muka haɗa shi da wani daɗaɗɗen ma'aikaci da ya riƙa nuna masa cewa a nan gyara wa manaja ba rashin ladabi ba ne. Wani yaro kuma ya taɓa tambayarsa ko ya taɓa kashe mutum. Wannan tambayar na hana ta gaba ɗaya. Ba hira ba ce.

Daga baya na gane dalilin da ya sa Amurka ta kafa shirin SkillBridge, wanda ke barin soja ya yi har kwana 180 na ƙarshen aikinsa yana koyon aiki a kamfanin farar hula, albashinsa na soja yana tafiya. Da Saje ya samu irin wannan, da an rage masa wahala.

Inda na fi jin kunya shi ne batun matan sojoji. Shekaru na yi ina ture takardun mata masu giɓi, wadda ta yi shekara biyu nan, ta ɓace, ta ɓullo a wani gari. Na ɗauka rashin jimiri ne. Matar Saje ce ta wayar mini da kai: duk lokacin da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ita ma sai ta ajiye nata ta bi shi. Sau bakwai ta fara daga farko. Ma'aikatar tsaron Amurka ma sai da ta buɗe shiri na musamman a 2011 don haɗa matan sojoji da mazajen sojoji mata da kamfanoni.

Yanzu muna da matan sojoji uku a sashen lissafi, ta intanet suke aiki daga gida. Ɗaya an mayar da mijinta wani bariki a bara, ta ɗauki kwamfutarta ta tafi, ranar Litinin ta ci gaba da aiki.