Ƙaurin da ya tashe ni ranar Litinin

Litinin, Tumfure, Gombe.

Ƙarfe bakwai ba ta yi ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hazo ya sauko sosai yau, ko darbejiyar bakin layinmu da ƙyar ake hangowa. Ina buɗewa na ga ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata da nake koya wa jitar bes, ya rungumo amfilifayata, na'urar da ke ƙara wa jitar ƙarfin sauti, a ƙirji, mai Keke kuma yana ta fama da sauke akwatin sifika. Ya gaishe ni kansa a ƙasa. Ban tambaye shi komai ba, hancina ya riga ya ba ni labari. Duk wanda kayan wuta suka taɓa ƙonewa a hannunsa ya san wannan ƙaurin, kuma yakan kwana biyu a cikin akwati bai fita ba.

Ranar Asabar ni ya kamata in yi kiɗan wani biki, sai gaisuwar rasuwa ta kai ni Kaltungo, na tura shi a madadina da kayana. Jiya ban gan shi a coci ba, na ɗauka gajiya ce. Ashe tsoro ne ya ɓoye shi.

"Yaya, wallahi ban san haka za ta faru ba." Na ce ya zauna ya faɗa mini tiryan-tiryan. A fili aka yi bikin, ba bango ba rufi. Mai ganguna da mai piyano suka danne shi, shugaban ƙungiya yana ta yi masa hannu wai ya ƙara. Ya murɗa maɓallin bes har ƙarshe, bai ji kansa ba. Sai mai kayan sautin wurin ya ce ga wani akwati mai sifika inci 15 yana zaune ba aiki, ya haɗa da nawa. Yaron ba shi da wayar sifika ta biyu, ya ciro wayar jita ta ko-ta-kwana daga jaka ya jona. Waƙa uku komai lafiya lau, har ana juyowa ana kallonsa. Amarya da ango na shiga fili, sai ɗif, kamar an yi ruwa an ɗauke, ga hayaƙi siriri yana fita ta baya.

Raina ya ɓaci matuƙa, ba zan ɓoye ba. Wannan amfilifaya ta marigayi malamina ce. Shi ya fara ɗora yatsuna a kan tsirkiya, kuma da ciwo ya kwantar da shi ya aiko a kira ni ya ce in ɗauke ta, kada ta zauna ƙura ta cinye. Har yanzu akwai ɗigon jan fenti da ya sa a kan maɓallin ƙara, alamar inda ba ya wucewa. Na shiga ɗaki na sha ruwa. Maman yara ta dube ni ta ce, "Ka bi shi a hankali, jikinsa rawa yake yi." Na fito na ce masa ya tashi mu tafi wurin Baba mai gyaran rediyo.

Shagon Baba yana bayan babbar kasuwa, ɗan ƙarami, cike da gawarwakin rediyo da talabijin har rufi. Ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, kuma duk mai kiɗan da na sani a garin nan ya taɓa tsugunawa a gabansa. Muka gaisa, ya tambayi gida da sanyi, sannan ya kwance murfin ya kai hancinsa kafin ya kai mita. Fis ya tsinke, taransistocin da ke fitar da ƙarfi sun tafi, wasu ƙananan kaya kusa da su sun yi baƙi. Babban taransfoman ciki kuwa lafiyarsa ƙalau. Da ya faɗi haka sai da na yi ajiyar zuciya.

Ya juya bayan amfilifayar ya nuna wa yaron wani ɗan rubutu kusa da ramukan sifika. "Ɗana, karanta mini nan." Ya karanta: mafi ƙaranci om 4. Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. Ya tambaye ni akwatina nawa ne, na ce om 8. Na mai kayan sautin fa? Yaron ya ce ya ga an rubuta 4 a jikinsa, shi ya sa ma ya ɗauka ya yi daidai. Baba bai yi faɗa ba. Ƙurar hunturu ta lulluɓe teburinsa, sai ya sa ɗan yatsa ya yi lissafin a kanta: 8 sau 4, 32. 8 da 4, 12. Raba 32 gida 12, ka sami 2.67. Ya ce in aka jera akwati biyu a kan amfilifaya ɗaya, lambar sauka take yi, ba hawa ba. Biyu masu 8 su ba ka 4, biyu masu 4 su ba ka 2. "Ka ɗauke ta kamar jaki. Ƙaramar lamba, babban kaya. An ce maka buhu biyu yake ɗauka, ka aza masa uku, ka kuma bi shi da bulala a kan tudu. Zai yi tafiya, amma ba zai kai gida ba."

Daga nan ya karɓi wayar da aka jona. Wajen bakin jak, wato kan wayar da ake sokawa a rami, robar ta narke ta manne. Ya fere ta da reza ya ɗaga a haske: zare ɗaya a tsakiya, siriri kamar gashin wutsiyar doki, sai raga ta jan ƙarfe da ta naɗe shi. Wannan ragar aikinta tare ƙugi da hayaniyar wuta, domin abin da ke fitowa daga jita ɗan mitsitsi ne. Ya ciro wayar sifika ta gaske ya ajiye kusa da ita, jijiya biyu masu kauri, ba raga. Daga waje kamar tagwaye, bakinsu iri ɗaya, rami ɗaya suke shiga. Amma wat ɗari biyu ko uku ba sa bi ta cikin gashin doki su fita lafiya. Ta yi zafi, ta narke, zaren ya taɓa ragar, amfilifayar da dama tana nishi ta ƙarasa. Shi ya sa nake son bakin nan mai murɗawa na Speakon, wanda sai ka juya ya kulle. Ko da gangan ba za ka soka wayar jita a cikinsa ba.

Akwatin ma sai da aka duba. Sifika huɗu ne masu inci 10. Baba ya cire su ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa kowace da batir ɗin nan mai bolt 9. Uku suka yi tsalle gaba, ɓut, tsaf. Ta huɗu ta motsa da ƙyar. Ya buɗe yatsunsa biyar ya danna takardar fuskar sifikar a hankali, muka ji ƙarar-ƙarar kamar yashi a cikin kwano. Koyil, wato naɗin siririyar waya da ke motsa takardar, ya gasu, yana goga jikin maganaɗisu. Wannan kuma ba laifin om ba ne, maɓallin bes ɗin da aka murɗe har ƙarshe ne ya jawo. Lafiyayyun ya auna su, mita tana nuna wajen 6, ya ce haka sifika mai om 8 take nunawa, kada yaron ya ga haka wata rana ya ce ta lalace. Za a sake naɗa koyil ɗin. Na san naɗin hannu ba ya komawa sak kamar na kamfani, amma na fi yarda da shi a kan in sayo wata sifika da ba ta dace da 'yan'uwanta uku ba.

Aka kira azahar, Baba ya ɗauki buta, mu kuma muka koma ƙarƙashin rumfa muka sayi fura. A nan yaron ya ciro wata leda daga aljihu ya miƙo mini. Kuɗin da yake tarawa ne tun bara, daga aikin fenti da yake bi, don ya sayi jita mai tsirkiya biyar. "Yaya, a biya gyaran da shi." Sai na ji duk faɗan da na taho da shi ya narke. Shekara biyu ina koya masa, na nuna masa yadda ake ajiye babban yatsa, yadda ake kashe tsirkiyar da ba a bugawa, yadda ake bin ƙafar mai ganga. Ban taɓa juya masa bayan amfilifaya na ce karanta nan ba, ko sau ɗaya. Ni malamina ya yi mini wannan tun a watan farko. Na ce ya mayar da kuɗinsa, kuɗin sabuwar waya kawai zai biya.

Muka daɗe a kan maganar abin da zai saya. Na gaya masa ra'ayina ƙarara: tsirkiya biyar ba yanzu ba. Tsirkiyar ƙasa ta jita mai huɗu, wato E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Ta biyar ɗin, B, sau 31. Yawancin akwatunan da muke samu a bukukuwa ba sa iya fitar da wannan, sai dai ka ga takarda tana ta rawa ba sauti, koyil yana cin wuta a banza. Jitar Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951 tsirkiya huɗu gare ta, haka Jazz Bass ta 1960, kuma har yau da su ake cin abinci a duniya. Ya nemi mai huɗu wadda wuyanta yake miƙe, ko ta hannu ce, sauran kuɗin ya zuba a kan abin da zai fitar da muryarta.

Ya ce to ai sai ya nemi amfilifaya mai wat da yawa, wato mai ƙarfi sosai, don kada a sake danne shi. Nan ma na tsayar da shi. In ka ninka wat, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, kunne zai ji an ɗan ƙaru ne, ba ninki ba. A fili kuma babu bangon da zai dawo maka da sautin ƙasa, tafiya yake yi abinsa. Abin da zai sa ka ji kanka shi ne ka rage bes kaɗan, ka ɗaga sautin tsakiya, ka ɗora akwatin a kan benci ya kalli kunnenka maimakon gwiwarka. Sauran aikin na manyan sifikun taro ne. Da yana da ɗan akwatin DI ranar Asabar, wanda ke haɗa jita kai tsaye da kayan sautin taro kuma bai fi tafin hannu ba, da ya tura sautinsa cikin miksa ya huta, akwatina ya zame masa na jin kai kawai. Na san kowane mai bes yana mafarkin amfilifayar Ampeg SVT, wat 300, wadda ta fito a 1969, da dogon akwatinta mai sifika takwas da ake wa laƙabi da firiji. Ni ma ina yi. Amma wa zai ɗora maka ita a Keke daga Tumfure zuwa Pantami ƙarfe ɗayan dare?

Sabbin amfilifayoyin nan marasa nauyi, waɗanda ake sawa a jakar goyo, na buga su kuma sautinsu ya burge ni. Damuwata ɗaya: in suka lalace, yawanci sai an canja allon ciki gaba ɗaya, a jira shi daga Legas ko waje. Tsohuwa mai taransfoma tana karya ƙugu, amma ga shi Baba ya ce Laraba in zo in ɗauka. Da ya dawo daga masallaci ya tarar muna wannan zance, ya ƙara da nasa. Duk kayan da aka kawo na hannu, a duba bayansu kafin a soka a bango. Na Amurka bolt 120 suke ci, wutarmu 230 ce, in ba ta da makunnin canjawa sai da taransfoman rage wuta. Ya nuna mana guda biyu a saman kanta da aka kashe ta wannan hanya tun ranar farko. Ya ce kuma kada a kunna amfilifaya sai janareta ya daidaita, a bi ta sitabilaiza, ita ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa.

La'asar sakaliya muka dawo gida. Na ciro jitata don in rage zafin rai, sai na ji tsirkiyoyin sun yi sama, bakin ƙarafan wuya kuma suna kartar hannu. Aikin hunturu ne, katako ya bushe ya tsuke. Na kira yaron ya matso. Na danne tsirkiya a gidan farko da na ƙarshe na wuyan jitar, na ce ya zura katin waya a tsakiya, wajen gida na bakwai. Katin ya shige yana lilo, alhali kamata ya yi ya shiga daf. Na ba shi makullin ƙarfen da ke miƙe wuyan jitar ya murɗa da kansa, na ce kwata ɗaya zuwa dama, kada ya ƙara, sai gobe mu sake dubawa in katako ya zauna. Hannunsa na rawa ya murɗa. Na nuna masa ya zare jak in ya gama, domin muddin yana ciki batir ɗin jitar yana ci, sannan ya goge tsirkiya da tsumma kafin ya mayar cikin jaka.

Kafin ya tafi na aike shi shagon bakin titi ya sayo farin salatif da alƙalamin maka. Muka zazzage jakar wayoyi a tsakar gida, muka kwance bakin kowace muna leƙawa. Mai raga ya rubuta mata JITA, mai jijiya biyu ya rubuta SIFIKA. Guda bakwai ne. A bayan akwatin kuma ya manna wani ya rubuta 8 babba. Ya tambaya ko zai iya raka ni ranar Laraba, yana so ya ga yadda Baba zai mayar da koyil ɗin. Na ce ya zo ƙarfe tara, ya taho da littafi da biro.