Tsakiyar barcinka ƙarfe nawa take faɗawa?

Idan aka tambayi mutum game da barcinsa, awa yake ƙirgawa: shida, bakwai, takwas. Masu bincike kan agogon jiki kuwa sun fi son sanin tsakiyar barcin. Lissafin ba wuya. Wanda barci ya ɗauke shi ƙarfe 11 na dare ya farka ƙarfe 5, tsakiyarsa ƙarfe 2 ne. Wanda ya yi barci ƙarfe 2 ya tashi ƙarfe 8, tsakiyarsa ƙarfe 5. Dukansu awa shida suka samu, amma ta fuskar ciwon damuwa akwai tazara a tsakaninsu.

A shekarar 2021 mujallar JAMA Psychiatry ta buga binciken Iyas Daghlas da Céline Vetter da abokan aikinsu, waɗanda suka duba bayanan ƙwayoyin gado na mutum kusan 840,000. Sun gano cewa duk awa ɗaya da tsakiyar barci ta matso kusa da farkon dare tana tafiya da raguwar haɗarin tsananin ciwon damuwa da kashi 23 cikin 100. Dalilin bi ta ƙwayoyin gado shi ne warware wata tsohuwar gardama: shin daɗewa ba a kwanta ba ne ke jawo damuwa, ko damuwar ce ke hana kwanciya? Ƙwayar gado da ita aka haifi mutum, ciwo bai isa ya sauya ta ba. Sai dai a riƙe cewa wannan lissafi ne na jama'a masu yawa, akasarinsu Turawa, ba gwajin magani aka yi ba.

Tushen ilimin agogon jiki ma daga ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen kayan marmari ya fito. A 1984 Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka ware ƙwayar gadon da ke sarrafa agogonsa, mai sa wani sinadari ya taru da dare ya narke da rana. Sai a 2017 aka karrama su da lambar yabo ta Nobel, bayan shekara 33, kuma a ganina sun ci wannan girma.

A jikin ɗan Adam babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. In aka bar shi, zagayensa ya ɗan haura awa 24, saboda haka kullum sai an saita shi, kuma haske ne mai saitawa. Hasken safe yana jawo agogon gaba, barci ya zo da wuri; hasken dare yana tura shi baya, barci ya yi jinkiri. Sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi, yakan fara fitowa kamar awa biyu kafin lokacin barci, haske mai ƙarfi kuma yana danne shi.

To, mai son matso da barcinsa ya fara da lokacin tashi, domin ba a yi wa barci dole, amma ana iya tashi da ƙararrawa. Ya rage minti 15 zuwa 30, ya zauna a kan haka kwana biyu ko uku, sannan ya sake ragewa. Da ya tashi ya fita waje na minti 20 zuwa 30. Zaman ɗaki ba ya wadatarwa: ɗaki mai ƙwan lantarki da wuya ya wuce ma'aunin haske 500, alhali tsakar gida da hantsi takan kai 10,000 ko fiye. Da dare kuma ya rage fitila ya ajiye waya awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gaggawa. Zafin jiki yana kaiwa ƙarshen sauka kamar awa biyu zuwa uku kafin lokacin da mutum ya saba tashi, kuma hasken da ya shiga ido kafin wannan gaɓa jiki yana ɗaukarsa hasken dare ne. Wanda ya saba tashi ƙarfe 10 in ya tashi ƙarfe 5 rana ɗaya ya kunna fitila fayau, baya zai ƙara tura agogonsa. Kuskure na biyu ramuwar barci ranar hutu. Till Roenneberg na Jami'ar Munik ya daɗe yana auna tazarar tsakiyar barcin ranar aiki da ta ranar hutu, kuma in ta kai awa biyu, tamkar mutum yana ƙaura tsakanin ƙasashe biyu masu bambancin lokaci ne duk mako.

Mu nan muna da namu tarnaƙin. Garaɓasar data ta tsakar dare ta mayar da matasa da yawa mujiya. Ga goro da shayi: rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa biyar, don haka wanda ya ci goro bayan magariba ya shiga gado da shi. A tsaya da su daga azahar. Wanda ya raba dare yana hira, ya tashi asuba, ya koma har hantsi, ya rasa hasken safen gaba ɗaya. Ƙailula kuma kada ta wuce minti 30, kada ta gangara bayan la'asar.

Akwai tashin wuri da ke zama alamar ciwo. Wanda yake farkawa awa biyu kafin lokacinsa ya kasa komawa, ransa a ɓace, abin da yake so ya daina yi masa daɗi, ga rashin cin abinci, har aka yi mako biyu a haka, likita yake bukata. In tunanin halaka kansa ya zo masa, kada a jira mako biyun, a kai shi asibiti a ranar. Masu lalurar da ke sa mutum ya yi ta jujjuyawa tsakanin tsananin damuwa da zumuɗi mai wuce kima su yi hattara ƙwarai, domin rage barci ko haske mai ƙarfi na iya tayar musu da ciwon. Kada su taɓa tsarin barcinsu sai da shawarar likitan ƙwaƙwalwa, kuma mai shan maganin damuwa ya ci gaba da shan abinsa yayin da yake gyaran lokacin.