Tarbagan, Gafiyar Mongoliya

Kwana huɗu da dawowata daga Mongoliya, har yanzu bakina bai rabu da ɗanɗanon shayinsu mai gishiri ba. Aikin kiwo ne ya kai ni Ulanbato, babban birnin ƙasar, ranar hutu kuma muka yi hayar mota zuwa gandun dajin Hustai, kilomita kusan 100 yamma da birnin. Direban ya yanka kuɗi kamar zai kai mu Makka, na yi ta ja da shi irin cinikin Kwari, ya rage ɗan abin da bai kai ya kawo ba, yana wani cin magani.

Dawakan dajin nan, takhi, da aka dawo da su a 1992 muka je gani, amma wata dabba ce ta ɗauke min hankali. Tana tsaye a bakin rami kan ƙafafu biyu, jiki luƙui-luƙui, ta yi gafiya biyu ko uku. Ta yi wani fito mai kaifi, sai 'yan'uwanta suka ruga rami. Tarbagan ke nan. Ciyayin Mongoliya ne gidanta, sai ɗan abin da ya tsallaka yankin Tuba da gabashin tafkin Baikal a Rasha, da arewa maso gabashin Sin. Farauta don fata da nama ta cinye kusan kashi 70 cikin 100 nasu a shekarun 1990, har ta shiga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A Hustai kam, inda ake gadi, ramukansu sun fi gidan tururuwa yawa.

Da yamma wani dattijo makiyayi ya shigar da mu zagayayyar bukkarsa, ger. Wallahi sai na ga kamar rugar Fulani, ba a tambayi sunanmu ba sai da muka sha madara. Ta bakin tafinta ya kwatanta min boodog: a cusa duwatsu masu zafi cikin tarbagan, a babbake gashin, ta dahu a fatarta. Na ce, "Baba, ba kwa tsoron cuta?" Ya yi dariya. Ƙumar jikinta na ɗauke da cutar annobar nan da ake kira plague, a 2019 ma wani mutum da matarsa sun mutu a lardin Bayan-Olgi na ƙasar bayan sun ci ɗanyen namanta. Nan take zazzaɓin Lassa ya faɗo min a rai. Da aka kawo naman tunkiya, sai na tsaya kan cuku.

Dawowa dai ƙura da ramuka. Jirgi ya biyo da mu ta Istanbul, akwatina kuma ya iso Kano bayan kwana biyu.