Abin da gyaran lakes ya koya mini a ɗakin gwaji

An ba mu ƙwayar gadon da ke sa bakteriyar Bacillus ta samar da wani inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da ake kira lakes, wanda ke iya wargaza sinadarai irin su rini, aka ce mu gyara ta ta dace da tsarin BioBrick. Tom Knight na jami'ar MIT ne ya fito da tsarin a 2003, domin kowane guntun DNA ya riƙa haɗuwa da ɗan'uwansa ta hanya guda, kuma a kansa ɗaliban iGEM, gasar duniya ta harhaɗa ƙwayoyin gado, suka daɗe suna aiki.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Inzayim huɗu ne ke yanka gefen kowane guntu: EcoRI, XbaI, SpeI da PstI. To idan jerin haruffan da ɗayansu ke nema ya faɗo a tsakiyar ƙwayar gadon, nan ma sai ya datsa, aiki ya lalace. Tamu tana ɗauke da CTGCAG a ciki, wato mayankar PstI. Muka mayar da CAG ya koma CAA. Duka biyun gulutamin suke bayarwa, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, don haka furotin bai canza ba, PstI kuma ya daina ganin wurin. Wannan ɓangaren shi ake yawan yi wa hoto a rahoto, amma a ganina shi ne mafi sauƙi.

Wahalar tana gaba. Lakes ba ya motsi sai da ƙwayoyin jan ƙarfe huɗu a cikinsa, ɗaya daga cikinsu ma ita ke ba shi launin shuɗi. Za ka iya sa ƙwayar gadon a cikin bakteriyar E. coli ta cika maka kwalba da furotin, awo ya nuna girmansa daidai, amma ka zuba shi a kan ABTS, sinadarin gwaji da lakes mai aiki ke mayarwa kore, ruwan ya ƙi komawa kore, don babu jan ƙarfen. Sai an zuba gishirin jan ƙarfe a abincin bakteriyar, an rage zafi, daga baya a daina jijjiga kwalbar don iska ta ragu. A hakan ne ƙarfen ya fi taruwa a cikin bakteriyar. Idan kuma ya yi yawa, guba ne gare ta.

Shi ya sa nake jin haushin shafin guntu a rumbun ajiyar iGEM da aka rubuta wa "yana aiki" kawai. Da wane zafi? Jan ƙarfe nawa? An gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon guntun da ba a taɓa ba? Mai son ya gwada lakes a kan ruwan rinin da masana'antun Sharaɗa ko Challawa ke zubarwa, waɗannan amsoshin yake nema. Shi ya sa a namu shafin muka sa sakamakon tsoho da sabo a jadawali ɗaya, har da na kwalbar da ba a zuba wa jan ƙarfe ba.