23 ga Disamba: darasi a kan Yusef Lateef

A rana irin ta yau ce Yusef Lateef, makaɗin jazz ɗan Amurka mai busa saksofon, ya rasu a 2013, yana da shekara 93, don haka darasin saksofon na yamma ya koma kansa. Hunturu ya bushe komai, sai da muka fara da jiƙa rid, ɗan siririn karan nan da ake ɗaurewa a bakin saksofon. Minti biyu zuwa uku a ruwa ya isa. Idan aka busa shi a bushe, bakinsa yakan lanƙwashe, sauti ya riƙa tsuwa, mai koyo kuma ya ɗauka laifin leɓensa ne. Masu farawa rid mai lamba 2 ko 2.5 suke ɗauka, lambar ce ke nuna taurinsa. Lamba 3 na gajiyar da muƙamuƙi tun kafin a yi nisa.

An haifi Lateef a Chattanooga a 1920, ya tashi a Detroit, ya yi aiki da manyan makaɗan jazz, Dizzy Gillespie a 1949, daga baya da Cannonball Adderley. Abin da yawancin ɗalibai ba su sani ba shi ne ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani. Da ya koma Amurka ya koyar a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst.

Abin koyo a wajensa numfashi ne, ba saurin yatsu ba. Mun saurari yadda yake riƙe sauti ɗaya a obo, kayan busa mai kara biyu kamar algaita, sannan kowa ya gwada a saksofon tenor: sauti ɗaya, ƙirga takwas ana ƙara ƙarfi, takwas ana ragewa. Iska daga ciki take fitowa, kafaɗu ba sa ɗagawa. Matsalar da ta fi yawa ita ce cije bakin kayan idan an zo ragewa, sai sautin ya haura sama. Maganinta a sassauta haɓa, a bar iskar ta yi aikin.

Saksofon ɗin wata ɗaliba ya ƙi fitar da ƙananan sautuka. Da aka zura fitila cikin bututun, haske ya leƙo ta gefen fatar da ke toshe rami ɗaya. Fatar ta bushe, sai an canza ta kafin darasin mako mai zuwa.